Cikin Hular Kubra

Duk sanda aka turo mini sababbin ɗalibai ɗan ofishinmu na Umdurman, tsallaken kogi da Khartoum, ba a rasa mai ce mini, cikin ladabi dai, wai aikin da nake kwashe makonni a kansa shi a zama ɗaya zai gama. Akwai shafukan intanet da aka riga aka tsara, ka ɗauko ɗaya, ka sauya suna da launi, shi ke nan. Yanzu ma wai kwamfutar ake gaya wa ta zana da kanta. Ba na musu da ku, 'ya'yana, ni ma ba a daji nake zaune ba. Amma abin da kuke gani da sauƙi ɗinki ne, ni kuwa aikina awo. Telan da bai auna mutum ba, komai gudun kekensa, rigar wani ya ɗinka.

Sunana Sale, a kasuwa Usta Sale ake ce mini, Usta kuwa gwanin sana'a ke nan a bakin mutanen nan. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Haɗeja zuwa Makka, a hanyar dawowa ya yada zango a bakin kogin Nilu, zangon da har yau ba mu tashi ba. Ban fara da kwamfuta ba. Da burushi na fara, a hannun wani mai rubuta allunan shaguna, Usta Babikir, mutum mai gajeren haƙuri da kyan hannu. Kayan aikinsa ba su da yawa: gwangwanayen fenti, burushi manya da ƙanana, alli, zare na ja layi, sai wani tsani mai rawa da ni kaɗai ake sa wa hawansa.

Aikin da na fara binsa na wani mai sayar da takalma ne a cikin kasuwar Umdurman. Na ɗauko fenti ina ta ɗoki, sai Usta ya samu benci ya zauna, ya sa aka kawo masa jabana, wato gahawarmu ta nan, ya yi ta kallon hanya har rana ta take. Haushi ya kama ni, na ce a raina wannan tsoho lalaci ne kawai. Can ya tashi ya ce wa mai shagon ba a goshin shago za a sa allon ba, a gefe za a sa, don duk masu shigowa daga tashar mota suke fitowa, gefen suke fara gani. Ya zana rubutun da alli a bango, ya ce a bar shi haka, mai shago ya gani, maƙwabta su gani, kowa ya faɗi nasa. A hanyar komawa ya ce mini alli da tsumma ake goge shi, fenti kuwa sai an kankare. Ban ƙara jin wani darasi daga bakinsa da ya fi wannan tsawo ba.

Da injinan buga manyan alluna suka shigo gari, burushi ya mutu a hannunmu muna kallo. Na shiga wata maɗaba'a na koyi zane a kwamfuta da girmana, yara suna mini dariya ina laluben haruffa da yatsa ɗaya. Daga nan na gangaro zuwa tsara shafukan intanet. Ni ba na gina shafi, ku riƙe wannan. Ginin aikin abokiyar sana'ata ne, Injiniya Salma, wadda take ce mini Ammu Sale, wato baffa. Nawa shi ne abin da ke gaban ginin: in zauna da mai shafi mu tsayar da kamanninsa, me za a fara gani, wane launi, ina hoto zai zauna, ina yatsa zai taɓa, rubutun daga dama zai taso ko daga hagu. Kayan aikina har yau takarda ne da fensir da almakashi da gam, da katunan launi, da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. A kanta nake gwada komai, a tsakiyar rana, don masu sayen kayan mutanenmu ba a cikin sanyin ofis suke duba waya ba, a cikin raksha, keken haya mai ƙafa uku, suke dubawa rana tana dukan gilashin. Salma kuwa ba ta taɓa kwamfuta sai mai shafi ya ɗora hannu a kan takardar ya ce haka yake so.

Masu shafi iri-iri ne, kuma kowa da ciwon kansa. Akwai mai son komai ja, komai yana motsi, kamar motar amarya. Akwai mai cewa a yi masa irin na maƙwabcinsa sak, amma ya fi shi. Masu wani ɗan asibiti a unguwar Soba sun so a cika shafin farko da hoton gininsu, alhali abin da marasa lafiya ke bugo waya suna tambaya kullum shi ne wane likita ne yake zuwa yau. Na yini a ɗakin jiransu kafin na gane haka. Ba a yi wa mai shafi gardama da baki, takarda ake miƙa masa.

Aikin da nake so ku ji shi ne na Hajiya Amuna ta Mayo, wata unguwa a gefen Khartoum. Ita ce uwar wata ƙungiya ta mata masu ɗinkin hula, irin farar hular nan ta hannu da ake naɗa rawani a kanta. Yawancinsu namu ne, jikokin mahajjata, sauran kuma matan da fari da rikici suka koro daga ƙauyuka, Hajiya ta koya musu riƙon allura. A tsakar gidanta suke taruwa da hantsi. Ta zo ofis ɗinmu da kanta, ta tsallako gada a motar haya, ta zauna ta gyara tob ɗinta, wato mayafin matanmu na nan, ta faɗi damuwarta ba kwana-kwana. Hulunan inji sun cika kasuwa, masu arha, daga nesa ba ka bambanta su da na hannu. Matanta suna ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, wannan ta koma sayar da shayi a bakin titi, waccan wanki a gidajen masu hali. Ta ce ita ba arziki take nema ba, so take kada tsakar gidan nan ta watse tana raye. Wata jikarta ce ta gaya mata akwai kasuwa a cikin waya.

Ban zana komai ba tukuna. Na bi sawun Usta Babikir, na je na zauna a rumfar wani mai sayar da huluna a kasuwa, ina shan shayi ina kallon hannun mutane. Abin da na gani kuwa kowa ya san shi, sai dai ba wanda ya taɓa lura. Duk wanda ya ɗauki hula, tsoho ko saurayi, kafin ya tambayi kuɗi, kafin ma ya gwada a kansa, sai ya kifa ta ya leƙa cikinta. A ciki ake gane ta hannu. Ta inji cikinta sumul yake, layi ɗaya kamar an buga hatimi, ta hannu kuwa kana ganin inda aka ƙulla zare da inda aka tsallake.

Sai na tafi Mayo da takarduna. Na yanka su daidai girman waya, na manna hoton wajen hula a fuska ɗaya, hoton cikinta a bayan takardar. Matan suna zaune a kan tabarmi, kowacce da ƙoƙon zarenta. Nan na fara ganin Kubra, ƙanwar Hajiya, uwa ɗaya uba ɗaya, siririya mai yawan tsokana, wadda duk suka yarda ta fi su hannu. Da na yi bayanin cewa ina so kowace hula a shafin ta zo da hoton cikinta, Hajiya ta ɓata rai.

"Usta," ta ce, "baƙo a zaure ake sauke shi, ba a madafi ba."

"Yaya, madafin da aka share ba ya jin kunyar baƙo," in ji Kubra. "A fara da tawa."

Hajiya ta ce sam. Cikin hula ƙulle-ƙulle ne, sirrin mai ɗinki ne, wasu matan hannunsu bai gama faɗawa ba, za a kunyata su a idon duniya. Maganarta da gaskiya a ciki, ban raina ta ba. Sai na miƙa mata takarda ɗaya. Tana cikin faɗan, tana nuna ni da takardar, sai ga shi ta juya ta ta leƙa bayan, ta sake juyowa, ta sake leƙawa, ita ba ta ma san tana yi ba. Kubra ce ta fara fashewa da dariya, sauran suka ɗauka, har da masu riƙe ciki. Hajiya ta dubi hannunta, ta dube ni, ta ce Allah ya isa tsakaninta da wannan takarda. Ranar ba ta amince ba, amma ta ce a bar mata takardun su kwana a wurinta.

Na yi ta zirga-zirga tsakanin Umdurman da Mayo kafin mu daidaita. Farar hula a kan farin shafi ɓacewa take, sai muka shimfiɗa katunan launi a rana muka ɗora huluna a kai, matan suka zaɓi launin jar ƙasa irin ta tukunya. Na kawo maganar sa suna da hoton kowace mai ɗinki, suka ƙi gaba ɗaya, wasu saboda mazajensu, wasu don kunya, ni kuma na janye. Kubra ta ce ai ba sa bukatar suna, kowacce sunanta yana cikin hularta. Ta kifa tata ta nuna mini: a inda take gama aiki tana yin ɗan ɗinki uku da koren zare, sun buɗe kamar sawun kaza. Haka mahaifiyarsu take rufe aikinta, Hajiya ma haka take yi kafin idonta ya raunana ta ajiye allura.

Salma ma ta kawo nata ƙorafin. Ta ce hoto biyu ga kowace hula nauyi ne, a Mayo kuwa sai ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa kafin saƙo ya fita. Muka zauna mu uku da Hajiya muka yanke a takarda: hoton waje ne zai fara fitowa, ƙarami, in ka taɓa shi hular ta kife ta nuna cikinta, kuma ana iya buɗa hoton da yatsu ya girma. Sai da Hajiya ta ɗora tafinta a kan takardar ƙarshe, sannan Salma ta fara gini. Da an gina kafin a yi wannan mahawara, da rushewa za a yi, kuma matan nan ba su da halin gini biyu.

Shafin ya yi albarka daidai gwargwado. 'Yan ƙasarmu masu aiki a Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa suka riƙa aikowa a ɗinka musu, musamman gab da Sallah, angwaye ma haka. Har mutane suka saba turo hoton cikin hular da suka saya a wani wuri suna tambaya ko ta hannu ce. Wasu daga cikin matan da suka tafi suka dawo kan tabarma. Hajiya ba ta taɓa ce mini na yi gaskiya ba, amma duk zuwana sai na tarar da kwanon dambu an rufe mini.

Sai yaƙi ya zo. Ba sai na ba ku labarinsa ba, kowannenku ya ɗanɗana. An fasa ofishinmu an kwashe komai, har kujeru. Na kwashi iyalina muka yi gabas zuwa Gadarif, inda na koma rubuta allunan shaguna da burushin aro, ashe hannu bai manta ba. A can na ci karo da Hajiya Amuna a gidan wasu danginta, ta rame, idon ya ƙara lalacewa. Tsakar gidan da take tsoron ta watse ta watse a yini ɗaya. Matan kowacce ta bi inda ƙafarta ta kai ta, an ƙwace wayoyi a hanya, lambobi duk sun mutu. Kubra kuwa ranar da abin ya fara ta tsallaka Umdurman kai huluna, hanya ta rufe a bayanta, tun daga nan ba wanda ya ji ɗuriyarta. Hajiya ta gaya mini ba ta san ko ta yi mata addu'ar masu rai ko ta mamata ba. Na ji tausayinta ƙwarai.

Abu ɗaya ne bai ƙone ba, shi ne shafin, don ba a Khartoum yake ajiye ba, yana kan kwamfutocin wata ƙasa, Salma kuma tana kula da shi daga Bur Sudan duk sanda aka samu intanet. Sai muka sake zama ni da Hajiya a ƙarƙashin rumfa, da bayan kwalin sabulu a madadin takarda. Da farko ta ce a rubuta sunayen matan manya-manya a saman shafin, a ce ana cigiyarsu. Na zana mata yadda zai fito, na karanta mata sunayen a bayyane. Da ta ji su, sai ta ce a goge. A irin wannan lokaci ba a baza sunan mace da unguwarta ga wanda ba ka sani ba. Muka yi ta juya maganar har muka tsaya a kan layi ɗaya da madanni ɗaya na taɓawa a ƙarƙashinsa, da Larabci da Hausa: in ke tamu ce, turo hoton hularki, waje da ciki. Na ɗauki hoton kwalin na tura wa Salma, ta gina.

Ba a yi sauri ba, amma hotuna suka fara zuwa, daga wayoyin aro, na maƙwabta da na 'ya'ya. In hoto ya shigo sai in kai wa Hajiya, ta kawo wayar dab da idonta, ta taɓa, hular ta kife. Ta ce wannan Hawwa ce, har yau tana jan zare kamar mai faɗa da shi. Waccan Zahra'u ce, ƙullinta biyu-biyu. Ba ta taɓa kuskure ba. Wata tana Kassala, wata a garin Madani ta fara sauka ta sake gudu, wata har Habasha. Masu saye na waje suka dawo, aka riƙa raba musu aiki kowacce a inda take. Ƙungiyar ta taru a cikin waya, Hajiya ta samu abin yi, har faɗanta ya dawo. Sai dai duk hoton da na kawo, kafin ta karɓa sai ta tambaye ni ko da kore a ciki, in ce babu.

Wata safiya ina kan tsani ina rubuta allon wani mai gyaran waya, hoto ya shigo ta inda masu saye suka saba turo hoton hula suna tambaya. Wani direban babbar mota ne, tsohon mai sayen hulunanmu. Ya ce ya sayi hula a tashar motar garin Kosti a hannun wata mata, aikin ya yi masa kama da namu amma yadin ba shi da kyau, ko jabu ce? Na duba, lallai yadin na buhun fulawa ne aka wanke, har da inuwar rubutu a jikinsa. Cikin ma ba kore. Na kai wa Hajiya don dai a ba mutumin amsa.

Ta tambaya ko da kore, na ce babu. Ta karɓa ba da wani ɗoki ba, ta taɓa, hular ta kife. Ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta ƙara buɗawa, ta bi gefen a hankali. A can ƙarshe akwai ɗan ɗinki uku da wani shuɗin zare mai kauri, irin wanda ake zarewa daga tamfol, sun buɗe kamar sawun kaza. Sai ta ɗago kai ta dube ni.

"Usta, wannan hannun Innarmu ne," ta ce. "Kubra tana da rai."

Direban nan, Allah ya saka masa, ya juya da motarsa ya koma tashar, ya yi ta tambaya har ya same ta zaune a gindin wata bishiya da allurarta, ya miƙa mata waya. Ina tsaye aka haɗa su. Hajiya kuka kawai take yi tana kiran sunanta. Da aka ɗan natsu, sai na ji muryar Kubra a wayar, ta dishe amma tsokanar tana nan.

"Yaya, don Allah kada a sa waccan hular a shafi. Zaren ba shi da kyau."

Hajiya ta share ido da gefen tob, ta juyo gare ni. "Usta, ɗauko takardarka. Ita za a fara gani in an buɗe. Cikin, ba wajen ba."

Yanzu mun dawo. Ofishin babu labule, kujerun na aro ne, Salma tana faɗa da wutar lantarki kullum. A Mayo an sake shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Hajiya. Ba duka suka dawo ba, akwai waɗanda har yau ba a ji labarinsu ba, madannin nan kuma ba mu cire shi ba. Kubra ta samu koren zarenta, tana koya wa sababbi, tana tsokanar yayarta cewa ga shi yayar ce ta kai baƙo madafi da hannunta.

Don haka in kun zo kuna gaya mini zama ɗaya ya isa, ba zan yi fushi ba, ko in na yi ba zai daɗe ba. Ku buɗe shafin matan Mayo a wayarku. Abin da za ku fara gani cikin hula ne, na buhun fulawa, da ɗinki uku na shuɗin zare a gefe. Babu shafin da aka riga aka tsara da zai zo muku da wannan. Gobe ku zo da fensir, ku bar kwamfutocinku a gida, kasuwa za mu je mu zauna.